Takardar da Ba Ta Narkewa

Likitan bai ko ɗago kai sosai ba da ya gaya mini. Ya gama sauraron ƙirjina, ya rataye abin awonsa a wuya, ya ce in ina son in ga girman 'ya'yana, in bar wajen hayaƙin nan. Na ce to, likita. Me zan ce masa? Shi a ganinsa barin aiki kamar sauya riga ne. Na karɓi abin shaƙar da ya rubuta mini, na fito na tari adaidaita sahu na koma Sharada, inda kamfaninmu yake, don ranar aikin yamma nake yi, kuma in ka makara mai gadi ba ya buɗe maka ƙofa.

Kamfaninmu na leda ne. A gaba akwai injinan da ke hura ledar, ta tashi sama kamar dogon balan-balan har kusa da rufi, a naɗe ta, a yanka, a buga mata rubutu, a kai wa masu burodi da masu ruwan leda. Can baya kuma, bayan sito, inda ba a kai baƙo, akwai rumfar narka. Duk gefen da aka yanke, duk ledar da ta fito a karkace, duk abin da aka sharo daga ƙasa, nan ake kawo shi a juye a kan wani tsibi da ya kusa taɓa kwano. Daga tsibin a ɗiba a zuba wa injin niƙa, daga nan sai injin narka, ta fito zare-zare da zafinta, ta bi ta kwatamin ruwa, a datse ta ƙanana kamar tsakin masara, a mayar gaba a sake hurawa. Ni ne a bakin injin narkan. Shekarun da na yi a wurin na daina lissafa su, don lissafin ɓacin rai kawai yake ƙara mini.

Hayaƙin wurin ba irin na itace ba ne da zai sa ka hawaye ka share ka wuce. Fari ne, mai maiƙo, yana zama a maƙogwaro. Ina ɗaura tsumma a hanci, amma in na koma gida matata takan ce ko tuwo na ci, warin roba take ji a bakina. Da ciwon ya yi nisa sai kwanciya ta gagare ni, a zaune nake barci, na jingina da bango, ƙirjina yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Kada wani ya ce ban nemi mafita ba, don wannan maganar ita ce ta fi ba ni haushi. Na roƙi foman ɗinmu ya mayar da ni gaba, ya tambaye ni wa zai tsaya a wurin, kamar ni aka haifa don wurin. Na je Challawa, masu jimar fata ne ke ɗaukar mutane, na shaƙi iskar wurin sau ɗaya na juyo. Na je Bompai, na tarar rabin ƙofofin kamfanonin a garƙame, ciyawa ta fito a jikin katanga. Garinmu a Jigawa kuwa, gonar da mahaifinmu ya bari an raba ta har ta koma ba ta ciyar da gida ɗaya. Ga mata, ga yara, ga haya a Na'ibawa. Haka nan kullum na wanke fuska na koma.

Mu biyu ne a rumfar in ban da masu kawo shara. Ɗayan wani dattijo ne daga wajen Damagaram, shi ke ciyar da injin niƙa, kowa Baba yake ce masa. Tun zamanin tsohon Alhaji, wanda ya kafa kamfanin, yake nan. Tsohon Alhaji yana da magana guda da yake maimaitawa, cewa a gidan nan ba a zubar da komai, Baba kuwa ya ɗauki maganar ya riƙe ta gam. Ko masallaci za mu, in ya ga guntun leda a tsakar kamfani sai ya sunkuya ya ɗauka ya sa a aljihu. Nakan tsokane shi in ce ranar da ya rasu sai an zazzage aljihunsa an kai injin kafin a yi masa wanka. Sai ya yi dariya ya ce in dai za a kai injin, ya yafe. Shi ne kuma kullum yake zuwa mini da citta da kanumfari a ƙulle, ya ce in tauna saboda tari. Ba sa yi mini komai, amma ina taunawa.

Lokacin da tsohon Alhaji ya gaji, ɗansa ya karɓi kamfanin, muna ce masa Alhaji ƙarami. Ya yi karatu a waje, yana tafiya da sauri, yana magana rabi Hausa rabi Turanci. A shekarar ana ta raɗe-raɗin wata rana za a hana leda, saboda yadda take toshe kwatoci, awaki su ci su mutu. Sai ya sa aka kawo masa wasu 'yan naɗi na wani sabon abu daga ƙasar waje don a gwada. Wadda aka ba gwajin ita ce mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu, wata mace 'yar Filato da ta karanci ilimin sinadarai. Madam muke ce mata.

Wata rana ta shigo rumfarmu ɗaukar samfur, ta same ni a zaune a kan buhu ina fama da abin shaƙa, idona ya yi ja. Ta tsaya ta tambaye ni tun yaushe, na gaya mata, ban ɓoye ba, har da abin da likita ya ce. Ta fita tana toshe hanci da gefen mayafinta. Satin da ya zagayo foman ya zo yana ɓata rai, ya ce Madam ta ce a ba ta aron mutum, kuma ni ta ambata.

Ranar farko ta zaunar da ni ta gaya mini yadda abin yake, ba ta yi mini kwana-kwana ba.

"In gwajin nan ya yi kyau, za a buɗe ɗakin yanka da liƙi. Babu wuta, babu hayaƙi, kuma dole ɗakin ya zama a bushe. Ni kuma kai zan ce a bar mini. In bai yi kyau ba, ba ni da ikon riƙe ka."

Na ce na ji, Madam, Allah ya saka da alheri. A raina kuwa na ce ko da haƙora za a liƙa abin nan, sai ya yi kyau.

Sai ta warware naɗi guda ta miƙo mini, ta ce takarda ce. Na juya ta, na ɗaga ta sama, ina ganin fanka ta cikinta tar. Na ce Madam, da girmanki, ni za ki nuna wa leda? A cikinta na tsufa. Ta yi murmushi ta ƙyasta ashana. Ta fara kara wa guntun ledarmu, ta yamutse ta ɗiga, warin nan da na sani ya tashi. Sannan ta kara wa sabuwar. Ba ta yamutse ba, ba ta ɗiga ba. Gefenta ya yi ja, ya yi baƙi, ta ci da wuta, ta bar toka mara nauyi, warinta kuwa na ciyawar da aka ƙona a gona ne. Rabon da in ji wannan warin tun ina gida.

Ta ce daga itace aka yi ta, kuma ana iya yin irinta da karan dawa ko ɓawon rake. Na tambaye ta, to ya aka yi takarda ta zama ana gani ta cikinta? Ta ce takardar da muka sani zaruruwa ne masu kauri a cakuɗe, da iska a tsakaninsu, haske in ya shiga sai ya yi ta karo yana watsewa, shi ya sa muke ganinta fara. Wannan kuwa an yi ta dukan zaren ana tsefe shi har ya yi sirantar da ido ba ya gani, aka matse shi ya bushe ba tare da ya bar wa iska wuri ba, sai haske ya samu hanya ya wuce. Ta ɗora ta a kan jarida, rubutun ya fito ras. Ta ce in ɗaga in kalli tagar can nesa, sai na ga tagar ta ɗan yi dishi-dishi. Ta ce haka halinta yake, abin da ke manne da ita take nunawa sosai, kuma mai sayen kilishi abin da ke cikin ƙunshin yake son gani.

Halinta na biyu ni na gano shi da kaina, ba da niyya ba. Na dawo daga sallar azahar, hannuna da sauran ruwan alwala, na ɗauki falle guda. Mu da muka saba da leda, wa yake shanya hannu kafin ya taɓa ta? Ai kuwa duk inda yatsana ya sauka sai wurin ya kumbura ya tattare, shatin hannuna ya fito a jikinta. Na ce shi ke nan na ɓata kayan mutane. Madam ta ce ba komai, gara da na gani da idona, takardar nan tana son ruwa, tana shan sa ko daga iska. Ta yanko ƙaramin guntu ta ɗora a tafin hannuna, ta ce in hura masa iskar baki a hankali, irin hucin da ake yi wa madubi. Na hura. Guntun ya lanƙwashe ya naɗe kansa kamar ganyen da ya ji rana. Ta ɗora mini guntun leda, na hura, ya yi gumi kawai ya zauna yadda yake. Na yi ta yi ina dariya kamar wani yaro, daga ranar kuma na rataye tawul a bakin ƙofa.

Makwannin da suka biyo baya su ne mafi daɗin da na yi a kamfanin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Injin liƙinmu na zafi ba ya kama ta, tunda ba ta narkewa, sai muka koma ga gam, muna gwada wannan muna gwada wancan. Muka ƙunsa ƙuli-ƙuli da kilishi muka jera a kan kantar ɗakin, mai bai ratsa ta ba, ƙamshin ma ba ya fita. Muka ajiye wata a saman kwano da tsakar rana, ba ta saki ba, ba ta miƙe ba. Muka haƙa rami a bayan ɗakin muka binne ta tare da guntun leda, muna zuba ruwa. Da muka tona bayan wani lokaci, takardar ta zama 'yan ɓarɓashi, gara ta cinye sauran, ledar kuwa tana nan, wanke ta kawai za ka yi ka zuba gyaɗa. Hannuna ya saba da ita har ina gane ta da taɓi. Ta fi leda ƙarfi, tana da amo in ka motsa ta, kuma ba ta manne wa yatsa.

Ƙirjina kuma ya fara saki. Wata safiya matata ta tashe ni tana kallona, ta ce ka san a kwance ka kwana? Ban sani ba. Abin shaƙar da nake yawo da shi a aljihun gaba ya koma cikin jaka, har wata rana na manta shi a gida ban tuna ba sai da na dawo. Na fara sauka a bakin titi in taka da ƙafa zuwa gida don kawai in ji ina iyawa. Na sa rai, kuma sa ran ya yi yawa.

Yanka yana barin tarkace, gefe-gefe da guntaye, kuma namu ya yi yawa saboda muna ta gwaji muna ɓatawa. Madam ta ja mini kunne cewa ko ƙwaya ɗaya kada ta kusanci rumfar narka. In zuba a buhu, in ɗaure, in kai bola can bayan katanga inda motar shara ke kwasa. Haka nake yi kullum da yamma kafin in tashi. Ta gaya wa foman, foman ya ce ya ji. Ni ma da bakina na gaya wa Baba a masallaci cewa akwai wata takarda da muke aiki da ita, ba ta narkewa, kada a bari ta shiga injin. Ya ce shi da ya ga takarda tun ba a haife ni ba, ai ba zai zuba takarda a injin roba ba.

Gaskiya ya faɗa, takardar da ya sani ba zai zuba ba. Baba yana riga kowa zuwa, daga sallar asuba yake wucewa kamfani da ƙafa, kuma hanyarsa ta bayan katangar take bi. Ya ga buhu a bola, ya kwance, ya ga abu garau mai tsabta. A ransa masu shara ne suka ji ƙyuyar kaiwa rumfa suka jefar. Bai kai ƙararsu ba, don yana tsoron a kore su. Sai ya riƙa saɓa buhun a kafaɗa, da tsufansa, ya kai rumfa, ya hau tsibin ya zazzage, ya baza da ƙafa don kada foman ya lura. Kullum haka. Ni kuma in na zo na ga babu buhun jiya, sai in ce motar shara tana aikinta.

Tsibin ta gefe ɗaya ake cin sa, don haka an daɗe kafin abin ya iso injin. Wanda aka sa a madadina shi ya fara cewa yana jin warin ƙonannen kara. Daga nan rariyar ƙarfen da ke tace narkakkiyar robar ta fara toshewa, a canza, ta sake toshewa. Tsakin robar ya fara fitowa da baƙaƙen ɗigo. A gaba kuma balan-balan ɗin ya riƙa fashewa yana zubowa a kan mutane. Wanda bai fashe ba aka naɗe aka kai wa wani mai gidan burodi, ya dawo da shi a mota, ya ce shi ba zai sa burodinsa a leda mai kama da an watsa mata kashin ƙuda ba.

Madam ta sa ɗigon a ƙarƙashin gilashinta ta duba. Ina tsaye a bayanta. Ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago kuma ba sai ta yi magana ba, na gani a fuskarta. Takardarmu ce ta ƙone a cikin robar.

Aka tara mu a rumfar, Alhaji ƙarami yana ta faɗa, yana tambayar wanda ya yi wannan aika-aika. Foman yana kallona, ni ina rantsuwa cewa bola nake kaiwa. Sai Baba ya cire hularsa ya matso.

"Alhaji, ni ne. Na ga dukiya a bola, na ce ba a zubar da komai a gidan nan."

Alhaji ƙarami ya ƙyale shi, don maganar mahaifinsa ce aka mayar masa, kuma dattijon ya goya shi yana ƙarami. Ni kuwa da za a ba ni dama a lokacin, Allah ya sani, da na faɗa wa tsohon nan maganar da zan yi nadamarta.

Madam ta yi ƙoƙari. Ta ce abin yana da gyara. A gina tanki a cika shi da ruwa, a riƙa zuba tarkacen, leda za ta taso sama, takardar ta sha ruwa ta nutse, sai a kwashe ledar a shanya. Alhaji ƙarami ya ce tanki, da famfo, da filin shanya, da tsayar da injin, duk a kan shara? Ya tambaya ko ba a iya bambanta su da ido. Ta ce da wuya, musamman ƙananan da suka yi datti. Sai ta nuna ni, kuma na san don ta cece ni ta yi, tana son ya ga ina da amfani a ɗakinta. Ta ce wannan ya ƙware da ita, da hannu yake gane manyan, ƙananan kuma da iskar baki.

Ya ce in nuna masa. Na ɗebo guntaye daga tsibin, na ɗora a tafin hannu, na hura. Ɗaya ya naɗe, biyu suka zauna. Na sake ɗebowa na sake yi, har da 'yar taƙama, ina jin ana kallona. Ya gyaɗa kai.

"To ai an gama. Me za a yi da tanki ga mutum?"

A nan tsaye ya yanke sauran. Gwaji ya ƙare, abin da ba ya komawa cikin injin ba shi da wurin zama a kamfaninsa. Ragowar naɗin a kulle a sito. Ni kuma daga gobe in zauna a gindin tsibin, duk abin da za a zuba wa injin niƙa sai ya bi ta hannuna. Madam ta ce Alhaji, ƙirjinsa fa. Ya ce ai zama zai yi, ba wani aikin ƙarfi ba ne, in tsibin ya ƙare a sake magana.

Gindin tsibin yana tsakanin injin niƙa da injin narka, daidai inda hayaƙin ke taruwa kafin ya samu hanyar fita. Da can ina tsaye a gefen ƙofa, ina samun 'yar iska, kuma da tsumma a hancina. Yanzu ba halin tsumma, don ba a huci ta cikin tsumma. In ja hayaƙin da baki buɗe, in hura wa guntu, in jefa dama in leda ce, hagu in takarda ce, in sake ja. Tun safe har a tashi. Kafin sati ya zagayo abin shaƙa ya dawo aljihun gaba, na kuma koma jikin bangona. Matata ba ta tambaye ni ba, ta dai mayar mini da matashin inda yake da.

Tsibin kuma ba ya ƙarewa. Ta yaya zai ƙare? Ina ci ta ƙasa, masu shara suna juye sabo ta sama, ya gangaro ya cakuɗe da tsohon. Na roƙi foman a riƙa zuba sabon a wani wuri daban, ya ce in nuna masa wurin. Na ce a koya wa wani mu riƙa karɓa-karɓa, ya ce in an samu ɗigo ɗaya a leda, mutum ɗaya Alhaji yake son ya tambaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, takardar nan da aka kawo ta don tana ruɓewa, a rumfarmu ba za ta taɓa ruɓewa ba, saboda wurin a bushe yake ƙamas, zafin injin ya hana ko raɓa sauka. Na sha kallon kwanon nan ina fatan ya yi yoyo.

Madam ta riƙa leƙowa da farko. Ta sake kai maganar tanki ofis, ta sake kaiwa, har aka fara ce mata ta tsaya a aikinta. Bayan wasu watanni ta samu wani wurin ta tafi. Ranar da za ta tafi ta zo har gindin tsibin, ta tsuguna, ta ce in yafe mata, da ta sani da ba ta nuna ni ba. Na ce ba komai Madam, ke kaɗai ce kika taɓa tambayata tun yaushe. Ta ce za ta neme ni in ta ga hanya. Ban riƙe ta da wannan ba, na san yadda garin yake.

Baba kuwa na daɗe ba na yi masa magana. Gaisuwa kawai, ita ma a daƙile. Yana tsaye kusa da ni yini guda, yana ɗibar abin da na tace yana zuba wa injinsa, ba ya kallon idona. Kullum da safe zan tarar da ƙullin citta da kanumfari a kan buhun da nake zama. Da farko ture shi nake yi gefe. Daga baya na ga fushin ma numfashi yake ci, kuma ba ni da na ɓatarwa, sai na koma taunawa. Ya daina tsintar leda a hanyar masallaci. In ya gani sai ya ɗan tsaya, ya kalle ta, ya wuce.

Na koma asibiti da abin shaƙar ya ƙare. Likitan ya saurari ƙirjina, wannan karon ya ɗago ya kalle ni, ya tambaya ko na bar wajen hayaƙin. Na ce an canza mini aiki, yanzu a zaune nake. Ya ce to madalla, amma ƙirjin bai nuna ba. Ban yi masa bayani ba, layi yana jira a waje.

Kwanakin baya, bayan la'asar, na ɗauko wani ƙaramin guntu. Yatsana ya ce mini takarda ce, amma ta yi datti, ban tabbata ba. Na ɗora a tafi na hura, bai motsa ba. Na ja numfashi na sake hurawa, ƙirjina ya yi ƙara, guntun yana nan a shimfiɗe. Har na ɗaga hannu zan jefa shi cikin leda, sai na tsaya. Na juya wajen Baba, na miƙa masa tafin hannuna.

"Baba, ku hura mini wannan."

Ya kashe injinsa, abin da ba ya yi sai lokacin salla. Ya sunkuyo, tsoho da shi, ya hura sau ɗaya. Guntun ya naɗe.

Muka tsaya muna kallonsa, ni da shi. Ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Na jefa guntun a buhun hagu, ya kunna injin, na ɗauko na gaba.